Wace kalma za mu kira "still life" da ita a Hausa?

Jama'a masu sha'awar ɗaukar hoto, akwai wani reshe na wannan sana'a da har yanzu muke kiransa da sunansa na Turanci, wato "still life", alhali shi ne wurin da ya fi dacewa mai koyo ya fara, domin abin da ake ɗauka ba ya gajiya kuma ba ya gudu. Ana nufin hoton da mutum zai ajiye kwalba ko fure ko makulli a kan tebur, ya zaɓi bangon da zai kasance a bayansu, ya daidaita haske, sannan ya ɗauka. Ina so mu tsayar masa da suna.

Turancin kansa aro ne daga kalmar mutanen Holan, "stilleven", wadda masu zane suka yi amfani da ita a ƙarni na 17. Faransawa suna cewa "nature morte", ma'ana matacciyar halitta, Larabawa kuma suka zaɓi siffanta ta da shiru. Kowa ya dubi abin ta fuskar da ta fi ɗaukar hankalinsa, don haka babu dalilin da zai sa mu ɗaure kanmu da fassarar kalma da kalma.

Shawarar farko da ke zuwa bakin kowa ita ce "hoton abubuwa marasa rai". Tana da sauƙin fahimta, amma ta yi tsawo, kuma tana faɗin abin da kayan suka rasa maimakon abin da mai ɗauka ya yi. Bugu da ƙari, gini da dutse da gada duk ba su da rai, kuma babu wanda ke lissafa hotonsu a wannan reshe. "Hoton sandararru" ya fi gajarta, sai dai kalmar tana kawo wa mai ji siffar taurin gawa, wanda bai dace da furen da aka tsinko yanzu da raɓa a jikinsa ba. Na daɗe ina juya "hoton jere" a raina, na ajiye shi saboda jere yana bukatar abubuwa da yawa, ga shi kuwa ɗaya daga cikin fitattun hotunan wannan fanni, wanda Edward Weston na Amurka ya ɗauka a 1930, tattasai ne guda ɗaya tak da ya sanya a cikin mazurarin ƙarfe domin haske ya kewaye shi.

Abin da nake ba da shawara shi ne "hoton tsarin kaya". Dalilina shi ne kalmar tsari tana nuna ainihin abin da ya raba wannan aiki da sauran: a nan komai yana hannun mai ɗauka. Shi ne zai matsar da kofi kaɗan don kada inuwarsa ta faɗa kan littafi, shi ne zai bar hasken taga ya shigo ta gefe domin saƙar ƙyalle ta fito, ya kuma tsayar da farar takarda a ɗaya gefen don ta mayar da haske cikin inuwa. Zai kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100, ya tsuke ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11 domin gaba da baya su fito tas, ko da ɗaukar za ta ɗauki daƙiƙa guda. Wannan haƙurin kayan ne ma ya sa tun a 1837 Louis Daguerre, Bafaranshen da ke cikin waɗanda suka ƙirƙiro ɗaukar hoto, ya ɗauki hoton sassaƙe-sassaƙen da ke ɗakin aikinsa, a zamanin da ɗauka ɗaya take cin mintuna masu yawa. Mai koyon da ya ji "tsarin kaya" ya riga ya san cewa aikinsa yana farawa kafin ya taɓa maɓallin ɗauka. Sunan kuma yana haihuwa cikin sauƙi, domin hoton da ake yi wa hajar sayarwa sai ya zama "hoton tallan kaya".

Na san za a ce wani lokaci mutum yana tarar da kayan a yadda suke, bai taɓa komai ba. Gaskiya ne, amma zaɓen kusurwa da abin da za a bari a waje shi ma tsari ne.

Game da aikin da ke biyo baya a kwamfuta, ina ganin kalma ɗaya ba za ta wadatar ba. Fayil ɗin RAW, wato hoton yadda kyamara ta ɗauko shi kafin a sarrafa shi, mu kira shi "ɗanyen hoto", daidaita haskensa da launinsa a manhajar Lightroom kuma mu farfaɗo masa da tsohuwar kalmarmu ta "wankin hoto", tun da matakin ɗaya ne da wanda ake yi wa fim a ɗaki mai duhu. Goge ƙura ko tabo a manhajar Photoshop shi ne "gyaran hoto", liƙa wani abu da babu shi a wurin kuwa "haɗin hoto" ne, kuma ya kamata a riƙa faɗa wa mai kallo idan an yi shi. Wanda yake da kalmar da ta fi "tsarin kaya" dacewa, ina roƙon ya kawo ta tare da jimlar da ya gwada ta a ciki.