Kwazazzabo ya kusa cin katangarmu: in gyara ko in tashi?

Ɗan Gwaram: Assalamu alaikum. Gidanmu na gado yana gefen kwazazzabo, kuma bayan ruwan watan Agusta sai rami ya buɗe a bayan ɗakin mahaifiyata, inda dattawa suka ce tsohon kududdufi ne da aka cike da shara. Kuɗin riɗin da na sayar ba za su isa abu biyu ba: ko in yi katangar dutse da siminti, ko in sayi fili a kan tudu. Hajiya ta ce ba za ta bar gidan mijinta ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya ba ni shawara.

Manomi daga Kiru: Wa alaikumus salam. Ka dasa kashe-kwari da jema a bakin kwarin, ka jera buhunan yashi. Haka muka ceci gonarmu.

Uwar Marayu: Ɗana, ka ɗauke mahaifiyarka kafin damina. Mu ma mun ga tsaga a bango muka liƙe da laka, mun ga daɓe yana lotsawa muka ƙara ƙasa, har daren da ɗakin ya zauna cikin ramin tsohon masai da hatsinmu na shekara a ciki. Allah ya sa yaran suna zaure. Aka zo aka rubuta sunayenmu, aka ɗauki hoto, kuma har yau a ɗakin aro muke kwana, alhali maƙwabcin da ruwa bai taɓa shi ba ya karɓi buhun masara.

Magini: Allah ya mayar da alheri, Inna. Malam, ƙasar ciko ba ta riƙe gini, domin shara tana ruɓewa, ruwa ya bi ta ƙarƙashi ya kwashe ta, saman ya rufta. Katanga kuwa idan ba a bar mata kafofin fitar ruwa ba, damina ɗaya za ta kwantar da ita. Tifar dutse naira 90,000 na sayo bana.

Manomi daga Kiru: Naira 55,000 muka biya, Malam. Kuma magini ba zai ce a dasa ciyawa ba, tunda babu ladan aiki a ciki.

Magini: Gonarka ka ceta, Alhaji, ba ɗakin da tsohuwa take kwana ba.

Bakatsine: Ka koma Haɗeja, can ba a zaizaya, nutsewa ake yi gaba ɗaya a huta.

Malamin Firamare: Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Haɗeja da Auyo da Ringim ba zai yi wannan wasa ba. Ku haɗu da dagaci ku rubuta koke ta hannun hakimi zuwa shirin gwamnati na farfaɗo da ƙasa da ake kira ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma gyaran zaizayar ƙasa yana cikin ayyukansa. Kwazazzabo daga sama ake tare ruwansa, gida ɗaya ba ya iya masa.

Uwar Marayu: Wane dagacin? A garinmu da saninsa tifofi suke ɗibar yashi a rafi dare da rana, har gaɓar ta zube ta tafi da wani sashe na maƙabarta.

Manomi daga Kiru: Mu kwalbati aka yi wa titi, aka juyo mana da ruwan cikin unguwa.

Ɗan Gwaram: Na gode ƙwarai. Malam Magini, idan aka haƙe sharar har aka tarar da ƙasa mai tauri, ɗakin zai tsaya?