Hinjin ƙofofin ciki: wanne kuka sa, ya kuka gan shi?

Mai gini a Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ginina ya kai ga rataya ƙofofi, guda bakwai ne na ciki: ɗakunan kwana uku, kicin, sito da banɗaki biyu. Jiya na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa, mai shago ya zube min hinji kala-kala, ga inci 3, ga inci 4, ga mai boris, ga mai ruwan gwal, har kaina ya ɗaure. Waɗanda kuka riga ni, don Allah me kuka sa, kuma ya kuka gan shi bayan an kwana biyu?

Magidanci daga Zariya: Wa alaikumus salam. Ka fara ɗaga ƙyauren ka ji nauyinsa kafin ka koma kasuwa. Ƙofar ɗakina ta maɗaci ce zalla, sai mutum biyu ke ɗaukarta, amma aka rataye ta da hinji biyu 'yan inci 3 saboda kuɗi sun ja baya a ƙarshen aiki. Ba a yi wata shida ba ta sunkuya, gindinta ya riƙa gurzar tayil, makulli ya daina shiga raminsa sai an ɗaga ta da ƙafa. Da muka duba, hinjin sama ne ya buɗe baki. Muka cire, muka sa inci 4 guda uku masu kauri. Yau shekara huɗu ko motsi. Sawun gurzar nan kuwa yana kan tayil har gobe, kullum na gan shi sai raina ya sosu.

Kafinta daga Kaduna: Alhaji ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara, don rabin ƙofofin da ake kira na gyara ba laifin hinji ba ne, laifin ɗauri ne. Yaro zai ɗauki sukuru ya buga shi da guduma kamar ƙusa don ya gama da wuri. Zaren ya riga ya yaga katakon, me zai riƙe? Ka tsaya a kansu su huda ƙaramin rami tukuna, su murɗa da sukudireba, kuma kowace huda ta hinjin ta samu sukurunta. Wanda ke zuwa cikin kwali sau da yawa gajere ne, ni nakan sayi mai tsawo daban, musamman don hinjin sama, shi ne nauyin ƙofa ke fizga waje. A fafe wa hinjin gurbi daidai kaurinsa ya kwanta, kada a manna shi a kan katako haka nan. Na sama nakan bar kamar inci 6 daga kan ƙyaure, na ƙasa kamar inci 9 daga gindi. In firam ɗinka na ƙarfe ne, to mai walda ne zai kama hinjin, a gwada ƙyauren a wurin kafin ya ƙone shi gaba ɗaya, don in ya karkace sai an yanke.

Uwargida daga Gombe: Ni ta banɗaki zan yi magana. Mai ruwan gwal muka sa don ya dace da hannun ƙofa, ashe fenti ne a kan baƙin ƙarfe. Damina ɗaya ya yi tsatsa, jan ruwa na bin jikin ƙofar. Da za mu canza, maigida ya tafi da maganaɗisu: wanda ya cafke da ƙarfi ya ajiye, ya ɗauko sitenles, wato ƙarfe mai jure tsatsa. A ɗakin yara kuma mai boris muka sa, saboda ƙarar tsohon tana tayar min da jaririya daga barci.

Ɗan uwa daga Maraɗi: Mu nan an fi sa irin wanda ake ɗaga ƙyaure a zare shi daga kan sandarsa. Yana da daɗi ranar shigar da gado ko kabad. Sai dai yana da na dama da na hagu, ni na sayo shida duk hannu ɗaya, uku suka ƙi. Ka san inda kowace ƙofa za ta buɗe kafin ka biya.

Malamin makaranta daga Katsina: Ni dai kada a tsorata bawan Allah. Ƙofofina fulash ne marasa nauyi, cikinsu fanko, hinji biyu 'yan inci 3 ke riƙe da su shekara tara, ɗigon mai kawai nake sa musu.

Kafinta daga Kaduna: Haka ne Malam, fulash ba ta buƙatar inci 4. Amma ta kicin da banɗaki ina sa na uku a tsakiya ko ba nauyi, don katako kan sha laima da damina ya bushe da hunturu, na tsakiyar ke hana shi bankarewa.

Mai gini a Kano: Allah Ya saka da alheri. Na je na ɗaga su: na ɗakunan kwana katako ne zalla, sauran huɗun fulash. Zan ɗauki inci 4 mai boris guda tara, sitenles inci 3 na banɗaki da kicin uku-uku, sito biyu. Oga kafinta, sukurun hinjin saman nan inci nawa zan ce a ba ni?