An rubuta wa Ummana maganin kansa saboda ciwon gaɓɓai, don Allah ina neman bayani

Uwar Biyu, Gwammaja:
Assalamu alaikum. Ummana shekararta 54, sana'arta suyar waina. Kusan shekara biyu ke nan yatsunta da wuyan hannayenta suna kumbura. Da asuba ko buta ba ta iya riƙewa, ni nake zuba mata ruwan alwala, sai hantsi ya yi hannun yake sakinta. Mun ɗauka sanyi ne. Wani mai kemis ya ɗora ta kan prednisolone, ta ji sauƙi, amma fuskarta ta cika tim, suga kuma ya hau. Makon jiya likita ya sa aka yi gwajin jini, ya ce amosanin gaɓɓai ne, irin wanda garkuwar jiki take juyowa ta yaƙi mai ita. Ya rubuta methotrexate. Da na duba a waya na ga maganin kansa ne, wallahi ban runtsa ba. Takardar tana jakata, na kasa sayowa.

Mai Haɗa Magani, Fagge:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Umma lafiya. Gaskiya ne don cutar kansa aka fara yin methotrexate, amma a wannan ciwon ɗan kaɗan ake bayarwa don ya lafar da garkuwar jiki. Amurka ta amince da shi kan amosanin gaɓɓai tun 1988, kuma har gobe da shi likitoci suke farawa. Sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba. Ki rubuta ranar a jikin kwalin, shan sa kullum yana iya kisa. Za a haɗa mata da folic acid, wani nau'in bitamin, a riƙa duba hanta da jini.

Ni prednisolone ɗin ne ya fi damuna. A 1948 wani likita mai suna Philip Hench ya fara gwada cortisone, kakan wannan ƙwayar, kan wata mai amosanin gaɓɓai a asibitin Mayo da ke Amurka. Matar da ta kasa tashi daga gado ta miƙe cikin kwanaki, har aka ba shi lambar Nobel a 1950. Daga baya aka ga abin da daɗewa ana shan sa yake jawowa: suga, hawan jini, raunin ƙashi. Kada ta yanke prednisolone lokaci ɗaya, domin jikinta ya rage yin nasa irin sinadarin. Likita ne zai riƙa ragewa a hankali.

Tela, Kurna:
Yaya, ni shekarata huɗu ina shan methotrexate, duk daren Juma'a. Sai da na yi kusan wata biyu kafin na ga canji, har na so dainawa. Yanzu ina riƙe almakashi in yanka shadda. Ƙaramin yatsana da ya riga ya karkace dai bai dawo ba, saboda na makara. Mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta shan sa.

Ɗalibin Likitanci, Tarauni:
Idan methotrexate bai karɓe ta ba, hanya ba ta ƙare ba. A farkon shekarun 1990 Marc Feldmann da Ravinder Maini a Landan suka nuna cewa toshe wani sinadari mai suna TNF yana kwantar da kumburin. Daga nan aka samu allurai irin su infliximab da adalimumab. Suna da tsada ƙwarai, kuma suna iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, don haka a wajenmu dole a fara gwajin tarin kafin a bayar.

Uwar Biyu, Gwammaja:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Umma, ta ce ta zaɓi Litinin. Gobe zan sayo, in koma wajen likitan da kwalin prednisolone a hannuna, don ban gaya masa tsawon lokacin da ta yi tana sha ba.