Neman shawara: babban kulob zai ba mu aron 'yan wasa huɗu, mu karɓa ko mu riƙe yaranmu?

Rashidu, Aboabo:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini, don ana dab da rufe rajistar 'yan wasa.

Ni ne manajan wani ƙaramin kulob a nan Kumasi, ba zan kama suna ba. Allah ya dafa mana muka tsallake midil lig, wato gasar neman hawa, muka hau Dibishan Wan, rukunin da ke ƙasa da Firimiyar Ghana, shiyya ta biyu, wadda ta haɗa Ashanti da yankin Cape Coast da na Sekondi. Kun san abin da ke gabanmu: kulob 16, wasa 30, doguwar tafiya kowane mako biyu, sannan ukun ƙarshe su koma inda suka fito. Yaranmu kusan duk 'yan zango ne, Aboabo, Asawase, Sawaba, Akwatia Line. Wasunsu tun suna kolts, wato ƙwallon ƙananan yara, muke tare a filin sakora marar ciyawa.

To wani kulob na Firimiya ya ce zai ba mu aron yara huɗu: gola, ɗan baya na tsakiya, da 'yan gaba biyu. Su za su ci gaba da biyan albashi, mu kuma ci da masauki da kuɗin nasara. Sharuɗɗansu biyu, kuma da baki aka faɗe su: muddin yaro lafiyarsa ƙalau dole ya buga, kuma in sun buƙace shi a tsakiyar kaka za su ɗauke abinsu. Ciyaman ya ce gaba ta kai mu, koci kuma ya ɗaure fuska ya ƙi cewa komai. Ni aka bari a tsakiya, don ni ne zan kalli idon yaron da za a cire. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya haska mini.

Alhaji Tanko, Alabar:

Wa alaikumus salam. Rashidu ɗana, kayan aro ba ya rufe katara. Na riƙe kulob shekaru kafin ƙafa ta hana ni, kuma na ga wannan fim ɗin.

Ba ƙwallon yaran nake ji ba, za su iya ƙwallo. Ɗakin canja kaya nake ji. Kana da yaro wanda da asuba yake tuƙa pragya, keken haya mai ƙafa uku, ƙarfe uku ya ajiye ta ya zo tirenin da takalmin da aka ɗinke sau biyu. Shi ya ci muku ƙwallon da ta hau da ku. Ran wasan farko ya shigo ya tarar an rataye rigarsa mai lamba tara a gaban wani da ya zo shekaranjiya da jakar baya da abin jin waƙa a kunne. Ba zai ce maka uffan ba, yaranmu suna da kunya. Zai zauna a benci ya tafa. Amma ran Talata ba za ka gan shi a tirenin ba, zai ce mahaifiyarsa ba lafiya. Kafin wata ya ƙare abokansa biyu sun bi shi, kuma su ne waɗanda in an je waje, jama'ar gari sun kewaye fili suna ihu, ba sa tsoro.

Ɗan aro kuwa in kun faɗi, jakarsa zai ɗauka ya koma inda albashinsa yake. Ku ne za ku kwana da baƙin cikin. Sannan wannan magana ta "dole ya buga", ka gaya wa Ciyaman in ya yarda da ita to ya sallami kocinsa kawai, don wani ne a wani ofis yake fitar masa da 'yan wasa.

Koci Bawa, Tafo Zango:

Baba Alhaji, a gafarce ni, ban ƙi taka ba amma akwai gyara. Dibishan Wan ba midil lig ba ce. A can ƙasa zuciya da gudu suna ci maka wasa. A nan za ka haɗu da tsofaffin 'yan Firimiya da suka sauko, mutumin da ba ya gudu amma ya san inda ƙwallo za ta faɗo tun ba a buga ta ba. King Faisal ma da ta kai wasan ƙarshe na kofin FA a 2023 ta sha kashi hannun Dreams, a wannan shekarar ta sauko cikin shiyyar nan. Irin ruwan da Rashidu zai shiga ke nan. Kulob da yawa sun hau da taken "yaranmu sun isa", suka koma ƙasa da yaran nasu gaba ɗaya, kuma daga nan kowa ya watse. Wane amfani aka yi wa yaran?

Rashidu, tambayar da za ka yi wa kocinka ita ce: ina ne ramin da ke cikin tim ɗin? Ba wa ake bayarwa ba, me muka rasa. Sabon hawa yawanci a baya yake zubar da maki, ƙwallon kwana da firikik, minti goman ƙarshe. In golanku yana tsoron fita ya kama kuros, karɓi golan nan hannu bibbiyu. Gola ɗaya mai magana, wanda ya saba tirenin da kocin gololi kullum, zai gyara maka 'yan baya huɗu ba tare da ka ƙara ko sisi ba. Ɗan bayan ma haka, in ya fi wanda kake da shi a fili, ba a takarda ba.

'Yan gaba biyun nan ne ban yarda da su ba. Babban kulob ba ya sakin mai cin ƙwallo. In ya saki, ko dai yaron bai nuna ba tukuna, ko yana fama da rauni, ko ya gagari kocinsu. Ka nemi a ba ka su mako biyu su yi tirenin da ku kafin a sa hannu, ka haɗa wasan sada zumunci a fili mai ƙura da tsakar rana. Wanda ya fara duban takalminsa yana tsaki, ka san ba zai kai Disamba ba.

Kuma aro ba abin kunya ba ne. Harry Kane sai da Tottenham ta tura shi Leyton Orient a 2011, ƙungiyar rukuni na uku a Ingila, daga nan Millwall. Su ma ƙananan sun ci moriyarsa.

Sadiku, Asawase:

Koci, Harry Kane bai hau motar haya ta trotro daga Kumasi zuwa Sekondi ya sauka ya buga wasa da burodi da shayi a ciki ba. A bar Ingila a Ingila.

Malam Nuhu, Nima, Accra:

Ni sakataren kulob ne, don haka ta fuskar takarda zan yi magana. Ɗan'uwa Rashidu, abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninka shi ne "da baki aka faɗe su". A dokar FIFA aro na ƙwararren ɗan wasa ne mai kwantiragi, kuma sai da rubutacciyar yarjejeniya wadda ta faɗi tsawon lokaci da wanda zai biya me, yaron ma ya sa hannu. Sababbin dokokin da suka fara aiki a Yulin 2022 sun ce aro ba ya wuce shekara ɗaya, ba ya gaza tsakanin lokacin rajista ɗaya zuwa na gaba, kuma wanda ya ara ba zai ara wa wani ba. A aron ƙasa da ƙasa kulob ɗaya ba ya ba wa kulob ɗaya fiye da uku a lokaci guda. Tunda ku huɗu ake maganar ba ku, kafin komai ka je ka ga abin da dokar hukumar ƙwallon Ghana, GFA, ta wannan kakar ta ce a kan adadi. Kada ka dogara da "ai kowa haka yake yi". Ka san halin gasarmu: ka ci wasa a fili, abokin hamayya ya shigar da ƙara cewa ka sa ɗan wasan da bai cancanta ba, a ƙwace makin a kan tebur.

Sai abin da mutanenmu ba sa kula da shi. In aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Daga 16 zuwa sama, kowace shekara tana da rabin kashi ɗaya cikin 100. Wato in yaron ya yi cikakkiyar shekara a wurinku, wata rana aka saye shi Yuro miliyan ɗaya, kuna da Yuro 5,000. Lokacin aro ana lissafa shi ga wanda ya ara, amma sai in sunan kulob ɗinku ya shiga tarihin rajistar yaron. In a baki aka yi, kun ciyar da shi a banza.

Amma ka juya lissafin ka gani. Yaronka na Aboabo da ke hannunka tun yana 12, kai ke da dukan waɗannan shekarun, kai ke da katinsa, kai za ka sayar. Ba zai sayu yana benci ba. Ƙaramin kulob a ƙasar nan ba da kuɗin ƙofa yake rayuwa ba, da yaro ɗaya da ya fita yake rayuwa. Dubi Abdul Fatawu Issahaku: ɗan Steadfast ne ta Tamale, tana Dibishan Wan. Bayan ya zama gwarzon gasar 'yan ƙasa da 20 ta Afirka a 2021, su ne suka ba Dreams aronsa, daga nan Sporting ta Fotugal a 2022, sai Leicester. Baba Rahman ma daga Dreams aka ara wa Kotoko shi, lokacin Dreams tana ƙasa, ya wuce Greuther Fürth ta Jamus a 2012, har ya kai Chelsea a 2015. A duka biyun ƙaramin kulob ne mai yaro, babba ne ya ara. Wannan shi ne aron da ke gina ƙaramin kulob. Wanda ake muku tayi yanzu, ku ne za ku yi wa wani renon dukiyarsa, don haka kada ku yi shi kyauta. Ku nemi a rubuta muku wani kaso in an sayar da ɗayansu, ko su ɗauki nauyin motar wasannin waje.

Hajiya Rabi, Sabon Zango:

Ku maza kuna ta lissafin Yuro, ni ce nake dafa wa yaran wani kulob abinci ran wasa, bari in tambayi abin da na sani. Rashidu, ina za su kwana? Yaranku kowa gidan uwarsa yake komawa ya ci tuwo. Waɗannan baƙi ne, ɗaki za ka kama musu, kuma mai gida a Kumasi kuɗin shekara yake nema a dunƙule. Ga katifa, ga fanka, ga wuta da ruwa, ga ci sau uku, ba wake da shinkafar ran wasa kaɗai ba. "Su ke biyan albashi" daɗin ji gare shi, sai ran da albashin ya makara yaro ya zo ƙofarka da daddare.

Sannan in ƙafa ta karye, wa ke da asibiti? Na ga yaron aro da gwiwarsa ta tashi, masu shi suka ce a wurinku ya ji, waɗanda suka are shi suka ce ba namu ba ne. Wata uku yana kwance a ɗaki, mu matan unguwa muke aika masa da koko da ƙosai. A rubuta wannan tun yanzu, kuma a duba katin inshorar lafiyar kowannensu yana aiki.

Awudu, Sawaba:

Ni an taɓa ba da arona, bari in faɗi ta ɓangarenmu. Ba duk ɗan aro ne ke zuwa da girman kai ba, Baba Alhaji. Wani da tsoro yake zuwa, don ya san in bai yi a nan ba, kwantiraginsa ya ƙare ke nan. Abin da ya kashe mini gwiwa shi ne ba wanda ya yi mini magana mako guda, ko ƙwallo ba a ba ni a tirenin, don sun ji an ce dole in buga. Wannan sharaɗin yaron da kansa yake cutarwa. Da an bar ni na ƙwaci rigar da ƙafata, da ba wanda zai riƙe ni a zuciya. Yaya Rashidu, in kun karɓe su, kuɗin nasara ya zama ɗaya ga kowa, kuma kaftin ne zai kai su majalisar ataya, ba kai ba.

Rashidu, Aboabo:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na zauna da koci daren jiya, na yi masa tambayar Koci Bawa. Ashe gola yake so tun tuni, tsoron a ɗora masa sauran ne ya sa ya yi shiru. Ɗan bayan ya ce sai ya gan shi. 'Yan gaban ba ya so. Ciyaman ya yarda a cire "dole ya buga" kuma a rubuta maganar asibiti. Inda muka maƙale: na kira mutumin can, ya ce ko huɗun ko babu, kuma ba za su janye maganar ɗauke yaro a tsakiyar kaka ba. In golan ya tafi a Janairu, na riga na ɓata da nawa, ina zan sa kaina?

Malam Nuhu, Nima, Accra:

"Ko huɗu ko babu" farkon ciniki ne, ɗan'uwa. Su ma suna neman inda za su sauke yaran kafin a rufe rajista, shi ya sa suka neme ku. Ka tsaya a kan biyu. Maganar ɗaukewa kuma, in ba za su cire ba, a rubuta cewa sai a lokacin rajista na biyu kawai, da sanarwar wata guda a takarda, kuma ban da gola sai in nasu na ɗaya ya ji rauni. Golanka na gida kada ka ajiye shi ya yi tsatsa: ba shi wasannin kofin FA duka, ka gaya masa haka yau da bakinka kafin ya ji a majalisa. Turo mini daftarin ta waya in duba kafin Ciyaman ya sa hannu.