"Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci": alkawari ne ko ta'aziyya?

'Yar Mawaƙa: Salama gare ku. Karin maganar nan ce ke ta yi mini yawo a rai. Ina son ta, don tana tuna mini da maganar Yesu a Matiyu 6:26, cewa mu dubi tsuntsaye, ba sa shuka, ba sa girbi, ba sa tarawa a rumbu, amma Ubanmu na sama yana ciyar da su. Sai dai kuma ana yin fari, dabbobi su mutu, yara su kwana da yunwa. To yaya za mu fahimce ta?

Dattijo: 'Yata, waɗanda suka faɗe ta ba da ka suka faɗa ba, dubawa suka yi suka gani. Ki leƙa sheƙar tsuntsu wata rana. 'Ya'yan ko ido ba su buɗe ba, ba gashi a jikinsu, abin da suka iya kawai su wangale baki sama. Uwar ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo, har faɗuwar rana. Wa ya sa mata wannan? Abin da Allah ya tambayi Ayuba ke nan a Littafin Ayuba 38:41, wa ke tanadar wa hankaka abinci sa'ad da 'ya'yansa ke kuka ga Allah. Zabura 104 ma ta ce zakoki na ruri suna neman abincinsu daga wurinsa. Wanda ya damu da cikin ɗan hankaka, mai kula ne, ba mai halitta ya juya baya ba.

Manomi: Baba, na yarda, amma maganar nan ta lalata mutane da yawa. Mutum ya miƙe ƙafa a inuwa, in an yi masa magana ya ce bakin da Allah ya tsaga. Alhali uwar tsuntsun da ka ambata ba ta zauna ba. Zaburar nan ma, aya ta 23, cewa ta yi gari na wayewa mutum ya fita aikinsa har yamma. Littafin Karin Magana 6:6 kuma wurin tururuwa ta tura rago. Halitta ta nuna Allah mai bayarwa, ta kuma nuna shi mai son a motsa.

Ɗalibin Tauhidi: Tambayar 'yar'uwarmu fa ba a amsa ba tukuna, don wanda fari ya cinye gonarsa ba rago ba ne. Bulus ya ce a Romawa 1:20 ikon Allah madawwami da allahntakarsa suna bayyane cikin abubuwan da ya yi. Shi ɗin dai, a 8:22, ya ce dukan halitta na nishi kamar mai naƙuda. Wato duniyar da muke kallo tana shaida, amma da rauni a jikinta. Ko gwarar da Yesu ya ambata a Matiyu 10:29, bai ce ba za ta faɗi ƙasa ba, cewa ya yi ba ta faɗuwa ba tare da Uba ba. Ku tuna annabi Iliya. Hankaki sun kai masa abinci safe da yamma a rafin Kerit, duk da haka rafin ya ƙafe saboda rashin ruwan sama. Daga nan aka aike shi Zarefat, wurin gwauruwar da ita ma abincinta ya kusa ƙarewa.

Malamar Lahadi: Nan ne zuciyata take. Ta hannun matar nan aka ciyar da shi. Abin da ke mini ciwo shi ne mai hali ya faɗa wa mabukaci wannan karin magana, ya wuce. Yakubu 2:15-16 ta yi tir da irin wannan. A Littafin Firistoci 19:9-10 Allah da kansa ya hana a girbe gona har gefe, ya ce a bar wa matalauci da baƙo. In mai yunwa ya faɗi karin maganar nan, bangaskiya ce. A bakin mai ƙoshi kuwa ban cika amincewa da ita ba.

Manomi: Malama, ban yarda a ƙwace ta daga bakin mai ƙoshi gaba ɗaya ba. Shi ma yana bukatar tunawa ba wayonsa ne ya sauko da ruwa ba. Abin da Bulus ya faɗa wa mutanen Listira ke nan a Ayyukan Manzanni 14:17.

'Yar Mawaƙa: Na gode muku. To Baba, uwar da ta rasa ɗanta a shekarar yunwa, a faɗa mata?

Dattijo: A'a, 'yata, ni dai ba zan faɗa mata ba. Abokan Ayuba kwana 7 suka zauna tare da shi ba wanda ya ce uffan, ba a kuma zarge su da hakan ba. Da suka buɗe baki suna bayyana masa dalilan Allah, a Ayuba 42:7 Ubangiji ya ce wa Elifaz, ɗaya daga cikinsu, ya husata da shi da abokansa biyu, don ba su faɗi gaskiya game da shi ba.