Tambaya: tsakanin sinadaran nan biyu, 1-bromofurofen da 2-bromofurofen, wanne ne?

Salamu alaikum, malamai da 'yan uwa masana kimiyyar sinadarai. Ɗalibi ne ni a nan Kano. Kwana uku ke nan ina fama da sakamakon mas sifektiromita (na'urar da ke auna nauyin ƙwayar sinadari da gutsattsarinta) na wani ruwa da aka ba mu, har takardar ta yi laushi a aljihuna.

A zanen sakamakon akwai tsini biyu a nauyi 122 da 124, tsayinsu kusan ɗaya. Na ce bromin ne, tunda tsayin tsinin bromin biyu kusan ɗaya yake fitowa, na kilorin kuwa uku da ɗaya. Mafi tsayi yana 43, wato C3H7 bayan bromin ya fita. To a nan na cije: 1-bromofurofen ne ko 2-bromofurofen? Dukkansu 43 suke bayarwa. Ƙananan tsinin 93 da 95 sun isa hujja, ko sai an haɗa da NMR (gwajin maganaɗisu da ke nuna tsarin ƙwayar sinadari)? Litinin zan miƙa aikin, don Allah a taimaka.