Wace kalma za mu ba “drawing hand” a wasan foka?

Ina cikin fassara wani rubutu kan foka, wasan kartar nan da ya samo asali a Amurka, sai na ci karo da “drawing hand”, na kuma ga an taɓa mayar da ita “hannun zane”. Wannan kuskure ne, domin babu abin da ake zanawa. Daga jawo kati kalmar ta fito: ana nufin katunan da ɗan wasa yake da su waɗanda ba su cika ba sai an jawo wani. Hukuncin caca a addini sananne ne, amma mai fassara dole ya sami sunan da zai kira abu da shi.

A nau'in Texas Hold'em kowa yana riƙe da kati biyu a ɓoye, sannan a buɗe uku a tsakiyar tebur lokaci guda, wato “flop”, wanda nake kira buɗin farko. Sauran biyu za su biyo baya ɗaya bayan ɗaya. A ce kana riƙe da biyu masu alamar zuciya, buɗin farko ya kawo wasu biyu: kana da huɗu, alhali biyar masu alama ɗaya ake bukata kafin hannun ya cika.

Wani abokin aikina ya kawo shawarar “hannun tsammani”. Ban gamsu ba, saboda tsammani yakan tuna mana da malamin da ya ƙi noma don zakka, wannan jira kuwa da lissafinsa yake tafe. A cikin kati 52 na wasan, kowace alama kati 13 gare ta, saura 9 ke nan cikin 47 da ba ka gani ba, don haka damar dacewa a kati na gaba kusan kashi 19 ce cikin ɗari, a katunan biyu kuma kusan 35. A wasan da ake zuba kuɗi kai tsaye, idan akwai dala 100 a tsakiya, abokin karawa ya ƙara 50, biyan wannan 50 yana bukatar damar kashi 25 (50 ɗinka cikin 200 da za a tara), kuma 19 ba ta kai ba.

Saboda haka na tsaya a kan “hannu mai jiran ciko”. Duk wanda ya taɓa ba mai shago wani abu daga kuɗin kaya ya ce zai kawo ciko, ya san cewa ciko adadi ne sananne. Kalmar kuma tana haihuwa: waɗannan 9 su ne katunan ciko. Mai 6, 7, 8, 9, da ke neman lambobi biyar a jere, yana da jeri mai baki biyu, cikonsa katuna takwas, wato masu lamba 5 ko 10. Mai 6, 7, 9, 10 kuwa jeri mai giɓi gare shi, katuna huɗu kawai, masu lamba 8, ke iya toshe masa shi.